Baba Mai Kwalba, Wanda Ya Rage Ƙara Aka Ji Murya

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Kwalba ke buɗe shagonsa, kuma kafin ya amsa gaisuwar kowa sai ya jona ƙarfen narka dalma ya bar shi ya ɗauki zafi. Shagon kamar akurki, in baƙo biyu suka shiga sai ɗaya ya fito. A kan kanta tsofaffin amfilifayoyin makirfo ne jere, na'urorin ƙara sautin murya, masu kwalaben gilashi a ciki, yawancinsu sun girmi masu kawo su. Shekara talatin da takwas aikinsa ke nan: ya buɗe cikinsu, ya rage musu ƙarfi, ya kashe ƙugin da ke bin murya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

Kusan duk mai zuwa wurinsa ƙari yake nema. Shi kuwa sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ihu kake so ko magana?" Matarsa takan ce ya rage wa komai ƙara a duniya ban da minsharinsa.

Shekara bakwai da suka wuce, mai wani ƙaramin situdiyo ya shigo rungume da amfilifayarsa, wata mata mai juna biyu na biye da shi, idonta jajur. Mahaifinta tsohon malamin makaranta ne, ciwon maƙogwaro ya kama shi. Jibi za a yi masa aiki, kuma likitoci ba su ɓoye masa ba, bayan aikin ba zai sake magana ba. Burinsa ɗaya, ya bar wa jikan da ke cikin nan muryarsa. Sun gwada ɗauka, muryar ta dushe, mai situdiyo ya murɗa ƙarfin har ƙarshe, abin da ya fito sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano.

"Baba, don Allah ka ƙara masa ƙarfi," in ji matar. "Wallahi ba a jin Abbana."

"'Yata, ai ƙarfin ne ya haɗiye shi," ya ce. "Zauna ki huta."

Ya zare kwalbar farko, ya zazzago wasu bakwai marasa ƙarfi daga aljihun tebur. Kowacce ya sa sai ya ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, kunnensa a jikin lasifika. Wadda ta yi tsuwa ya ture, har ya samu mai shiru. Ya canza resista biyu, 'yan ƙananan sassa masu rage ƙarfin wuta, da tsufa ya cinye. Mai situdiyo na tsaye yana zufa, gani yake ana kashe masa kaya.

Baba bai tsaya nan ba. Ya kulle shago da rana tsaka, abin da maƙwabta ba su taɓa gani ba, ya bi su situdiyo, inda tsohon ke jira. Ya kashe fanka, ya matso da makirfo taƙi ɗaya daga bakin tsohon.

"Malam, kada ka wahalar da maƙogwaro. Yi magana kamar jaririn na kan cinyarka."

Minti arba'in tsohon ya yi. Da aka kunna, har numfashinsa ana ji, tas. 'Yar ta fashe da kuka, Baba ya juya baya yana ta goge tabarau.

Malam ya ƙara shekara huɗu a duniya, da takarda da biro yake zance. Jikar yanzu shekararta shida, kuma uwarta ta shaida cewa in aka yi mata faɗa sai ta tura baki ta ce, "Ni Kakana ya ce a riƙa yi mini a hankali." Da kunnenta ta ji ya faɗa, a faifan da aka ɗauka ran nan.

Kai ne ka ba ta wannan, Baba, kai da ba a taɓa ambaton sunanka a bayan faifai ko ɗaya ba. Gwanin kunne, mai hannun haƙuri, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu tasowa a sana'a, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare. Ku ja kujera sosai, don a hankali yake magana.