Hannun Riga a Madubin Mai Guga

Ku matso, yau zan faɗa muku wanda ya yi wa Mai Guga wannan aika-aikar a intanet. Mu uku muka san asalin labarin: shi, da wanda ya aikata, sai ni. Amma ku dakata tukuna, maganar ba za ta yi daɗi ba sai kun san mutumin.

Shagonsa manne yake da nawa. Bangon da ya raba mu kuwa, in ya yi tari ni ke ce masa sannu. Shekara ashirin da uku yana wanki da guga, kuma karin da yake yi wa wando, in ka zauna da garaje sai ya yanke ka a cinya. In kuka gaisa ba fuskarka yake kallo ba, wuyan rigarka yake kallo. Bai san sunan rabin unguwar nan ba, amma ya san wanda hammatarsa ke cin riga, ya san mai goge hannun maiƙo a wando, ya san wanda ya yi ƙiba yana ɓoyewa.

Abu biyu ya gada a wurin babansa. In ya gama guge kwat, sai ya zura ta a jikinsa, ya tsaya gaban dogon madubin shagon, ya juya hagu ya juya dama, sannan ya cire. Wai kwat a kan tebur ƙarya take yi, sai ta hau kafaɗa ake ganin inda ta tattare. Na biyun, duk abin da ya tsinta a aljihu, ko tsinken sakace ne, sai ya ƙulle a leda ya miƙa wa wanda ya zo karɓar kayan.

To, wata Talata sai ga hoto a shafin 'yan unguwa. Wanda ya saka ba shi da fuska, hoton fure ya liƙa, ya kira kansa Mai Kishin Unguwa. Ga Mai Guga nan cikin baƙar kwat ɗin likitan unguwarmu, gaban madubi, ya ɗaga haɓa kamar shugaban banki. A ƙasa aka rubuta wai duk mai kai kaya shagon nan ya sani saura yake sakawa.

Kafin azahar wani ya ce ya taɓa ganin wandonsa a jikin Mai Guga a wurin taro. Wata ta ce yanzu ta gane dalilin da rigar mijinta ke dawowa da ƙanshin wani. Wani ya ce haya yake bayarwa. Zuwa la'asar har an ce a zannuwan gadon mutane yake kwana, da labulensu yake goge ƙafa. Ni dai ban rubuta komai ba. Ƙannena huɗu kawai na tura wa, don su ga abin takaici.

Washegari mutane suka dinga zuwa suna kwashe kayansu, wasu a jiƙe suna ɗiga. Likita ya aiko direba. Manajan masaukin baƙi, wanda zannuwansa ne rabin aikin shagon, ya ce in har mako ya ƙare maganar ba ta wanku ba, zai nemi wani. Mai Guga ya sa matarsa ta rubuta masa martani cewa eh yana sakawa, amma na minti ɗaya ne don duba aiki. Mutane suka karanta "eh yana sakawa", suka bar sauran.

Kwana uku ban ji ƙarar dutsen guga a kan tebur ba. Na leƙa na gan shi zaune, dutsen a sanyaye, igiyoyin shanya babu komai sai zanin gado ɗaya na gidansa. Gaskiya ranar ban iya yi masa tsiya ba.

Sakataren ƙungiyar unguwa ya zo jaje har sau biyu. Ya dafa masa kafaɗa, ya ce wanda ya yi wannan ba zai gama da duniya lafiya ba, kuma shi da kansa zai kafa kwamitin bincike.

Na ce zan faɗa muku, ko? Ga shi nan tafe.

A rana ta huɗu Mai Guga ya ce matarsa ta ƙara masa girman hoton. Kada ku ce neman mai laifi yake yi. So yake ya ga ko kafaɗar kwat ɗin ta kwanta, tunda duk gari ana kallo. A nan ne ya hango, can gefen madubin, hannun da ke riƙe da wayar. Fuska ba ta fito ba, sai hannun riga shuɗi da maɓalli ɗaya, ɗinke da koren zare. Shi ya ɗinka shi da hannunsa, ranar da farin zare ya ƙare masa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya aika a ce Sakatare ya zo ya karɓi kayansa. Ina ganin sun shige filin shanya, sai na tuna ina da wani uzuri a bayan zanin gadon nan.

Sakatare ya fara rantse-rantse. Mai Guga ya shimfiɗa shuɗiyar rigar a kan benci, ya ajiye wayar kusa da maɓallin. Rantsuwa ta tsaya.

"Kai ka fara," in ji Sakatare. "Kai da ledarka."

Ashe likita ya hana Sakatare shan zaƙi, ya kuma rantse wa matarsa ya daina. Ranar da ta zo karɓar kaya, Mai Guga ya miƙa mata leda ɗauke da takardun alewa goma sha tara da ya tsinta a aljihun mijin. Tun daga ranar shayinsa salam, babu sukari, ana caje shi a bakin ƙofa kamar mai fasa-ƙwauri, an kai ƙararsa wurin mahaifiyarsa da yayyensa mata uku.

"Wata biyu ina shan ruwan zafi, malam. Wata biyu."

"Ni aljihu na share," in ji Mai Guga. "Kai kuwa shagona ka share."

Sakatare ya ce zai goge hoton yanzu-yanzu, shi ke nan. Mai Guga ya ce gogewa ba za ta dawo masa da zani ko ɗaya ba. Sai dai ya rubuta da sunansa da fuskarsa cewa shi ne, kuma ƙarya ya yi, sannan ya taka da ƙafarsa har wurin manaja. Sakatare ya kama roƙo, wai a duba matsayinsa a unguwa, a duba zaman tare.

Sai na ji motsin leda.

"Bakwai ne na wannan makon," in ji Mai Guga. "Kai za ka tafi da kayan, ko in jira uwargida?"

Ban taɓa ganin mutum ya yi rubutu a waya da sauri haka ba. Yana rubutawa yana karantawa da ƙarfi, Mai Guga na gyara masa, har da sa shi ya ƙara cewa kafaɗar kwat ɗin ta kwanta. Ni kuma na miƙa wuya don in ji sosai, sai kawai aka yaye zanin.

Ga ni tsugune. Mai Guga ya dubi ƙafafuna, ya dube ni.

"Maƙwabciya, tun da nake wanki ban taɓa shanya zani mai silifa ba. Kin ji duka, ko a maimaita miki?"

Na ce allurata ce ta faɗi.

"To in kin tsince ta, ina so kafin la'asar unguwa ta ji wanda ya yi. Amma ban da maganar alewa, na yi masa alkawari."

Na ce Allah ya kiyaye, ni ba mai yawo da magana ba ce.