Damben da Na Yi da Cokali

Assalamu alaikum. Bayan dogon shiru, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na kusa da na nesa, cewa yau da safe na sa maɓallin rigata da kaina. Ba sai an yo tawaga don taya murna ba.

Masu tambayar ina na shiga, ga inda na shiga.

Ina alwalar la'asar a gidana a Gwarzo, buta ta suɓuce min. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na kira matata, sai na ji bakina yana faɗin abin da ni ma ban gane ba.

A asibiti ma'aikaciya ta auna jinina, ta sake aunawa. Aka tura mu Kano. Hoton ƙwaƙwalwa da gwaje-gwaje suka cinye tumakin da muke kiwo. Likita ya ce, "Malam, yaushe ka daina shan maganin hawan jini?" Na ce tun da na ji sauƙi. Ya ce, "To ga sauƙin nan."

Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama.

Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron a riƙa yi min tsarki ba.

Da aka sallame ni, na yi abin da masu karance-karance ke yi: na ci alwashin komawa aji in yi rubutu a allo kafin ƙarshen zango. Zangon ya ƙare ko alli ban iya riƙewa ba. Na daina zuwa gashin ƙashi a asibiti, na juya fuska bango.

Sai ga Sale, taubashina, mahauci a Durun. Zamanin tsuke bakin aljihu, muna samari, tare muke dambe bayan kaka. Kyautar wanda ya yi kisa sabulu ce da gwangwanin madara, a lokacin kuwa wannan dukiya ce. Ni na tafi makarantar horon malamai, shi ya ci gaba, har shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a kalangu ya yi shiru a filinmu, ya kwance zaren dambensa ya koma teburin nama.

Ya tsaya a kaina ya ce, "Ashe raggon yana nan. Wa kake nema a fili?"

Na ce alli.

"Yaushe sabon shiga ya fara miƙa wa shago hannu? Sa'anka za ka nema." Ya zaro cokali daga kwanon kokona. "Ga sa'anka. Shi ma ina jin zai kashe ka."

Ya kuwa kashe ni. Turmi uku muke yi kamar a fili, koko duk a gaban rigata, Sale yana yi wa cokali kirari. Haushi ne ya tashe ni zaune, ba hikima ba. Haushin ne kuma ya mai da ni wurin masu gashi. Bayan cokali aka haɗa ni da kofi, bayan kofi carbi.

A kan acaɓa yake zuwa, kusan kullum. Na lura yana barin tuwonsa, kuma sai ya dafa bango yake miƙewa. Na ce, "Mahauci da rama, ko kasuwa ta mutu?" Ya ce azumin nafila yake. Na ce kai da na farilla ma sai da gardama. Muka yi dariya, na koma kan carbina.

Ranar da na ɗaga buta cike da ruwa, Sale bai zo ba. Yana asibiti. Ciwon hanta ne, kuma ya sani tun kafin nawa ciwon ya kwantar da ni.

Matarsa ta ce min a wancan lokacin ya riga ya daina fita, ya daina magana. Da ya ji labarina sai ya ce a ba shi hularsa, yana da dambe a Gwarzo.

Na same shi ya ƙanƙance a kan gado. Ya miƙo hannu, na ba shi na dama.

"Matsa."

Na matsa.

"Ba laifi. Wa ya saura?"

"Alli."

"To kada ka gudu. Na san halinka."

Bai kai Juma'a ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Alli har yanzu yana kashe ni, amma ina kaiwa turmi na biyu.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da masu gashi, da matata wadda ta ga abin da ba zan rubuta ba. Ku auna jininku. Kada ku bar magani don kun ji sauƙi. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a tafi asibiti nan take. Wanda ke kwance ya nemi sa'ansa, ya bar shago tukuna. Kuma ku riƙa duba kwanon mai zuwa duba ku.

Duk watannin nan na ɗauka ni kaɗai ne majinyaci a tsakar gidan. Na yi kuskure.