Hannun Salamata Mai Koliko

Duk wanda ya tashi a Zongon Sokode, a ƙasar Togo, ya san Salamata mai koliko, soyayyar doyar nan da ake ci da yaji. Doyarta da daɗi, amma da ta manyanta hannunta muka koma kallo. Sai ta sa yatsu ta tsamo doya daga mai yana tafasa, tana hirarta. Mu kuwa, shashashai, muna ta zuga ta, wai laƙanin wuta ta gada wajen kakanta maƙeri. Ita ma ba ta musa ba, don Salamata akwai son yabo. In fatar ta tashi, ta shafa man kaɗe ta ce ba komai.

Da 'yarta Rahma, ma'aikaciyar jinya a Dapaong, ta haihu, Salamata ta je taya ta jego. Rahma na ganin tabon ƙuna a yatsun, hankalinta ya tashi. Ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya su ne cibiya, daga nan jijiyoyin saƙo suka bazu ko'ina. Wasu suna kai labarin zafi da sanyi sama, wasu suna sauko da umarni hannu ya motsa, wasu kuma ba sa neman izinin kowa, su ke kula da bugun zuciya da narkar da abinci. Masu kai labarin ne ciwon suga ke kashewa a hankali, in aka yi sake har yatsun a rasa. Ta ce shi take zargi, su je asibiti a gwada ta.

Salamata ta yi tsaki. Wai hannun da ya ciyar da Rahma ne yau za a kai asibiti?

Bayan suna, wata safiya jaririn ya ƙi mama. Salamata ta dafa goshinsa ta ce garau yake, rigima ce. Ta sunkuya za ta lallashe shi, kumatunta ya taɓa nasa, ta ji zafi rau. Ta sake dafawa da hannu, ba ta ji komai ba. Rahma ta ce ba ta taɓa ganin tsoro a idon uwarta ba sai ranar.

"Ɗauko mayafinki mu kai shi," in ji Salamata. "In an gama da shi, ni ma a duba ni."

Yaro ya warke. Salamata kuwa, suga aka samu. Yanzu da matsami take tsamo doya, tana shan maganinta, kuma wallahi kada ka kuskura ka ambaci laƙani a gabanta. In an miƙo mata jariri, kumatu take fara kai wa goshinsa.