Bokiti Bakwai a Ƙofar Kicin

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Ludayi ta yi tana girki a makarantar kwana, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa busasshen ganye a tukunya ba. Gindin tagar kicin ɗin ta yi ɗan lambunta: alayyahu, lawashi, ɗoɗɗoya, na'a-na'a. Miya na tafasa za ta leƙa ta tsinko, ta ɗauraye, ta watsa. Faɗa gare ta kamar me, ɗalibai na jin takunta suke shiga taitayinsu, amma kwanonsu ba ya dawowa da saura.

Da gwiwoyi suka ƙi, ɗanta ya ɗauko ta ya kawo gidansa. Gida ne mai tayil har tsakar gida, ko tafin hannu na ƙasa babu. Matar ɗan, wadda ke aiki a kantin magani, tun ranar farko ta kafa mata doka cikin murmushi: "Mama, ke dai ki huta. Kicin ki bar mana."

Ta huta! Matar da ta ciyar da yara ɗari huɗu, wai ita ce ba za ta taɓa murfin tukunya ba. In surukar za ta fita aiki har kulle ƙofar take, ta jefa mukulli a jaka.

Inna ta samo tsofaffin bokitai bakwai, ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa, ta jera a ƙofar kicin, taku uku daga murhu. Ta ajiye wata koriyar roba a gefe ta ce wa surukar, "Ruwan da kika wanke shinkafa, nan za ki riƙa zuba min. Shi suke sha." Kafin wata biyu wurin ya yi shar. Kullum da yamma in ta ji ƙamshin miya sai ta tsinko cikin hannu, ta miƙa ta bakin ƙofa.

"Ungo. Ki sa, ki kashe wuta. Kar ki dafe shi."

Ta nan kaɗai hannunta ke kaiwa kwanon ɗanta. In yana ci sai ta zauna nesa tana satar kallonsa, ranta fes.

Surukar kuwa ta tsani bokitan nan. Su ne sauro, su ne laka a tayil, su ne abin kunya in an yi baƙi. Sau biyu tana kwashe su ta kai bayan gida wajen tankin ruwa, sau biyu Inna na jawo su ɗaya bayan ɗaya, tana nishi tana dafa bango.

"Shukar da ba ka gani kullum ta tsutsa ce," in ji ta. "Ke da kike sayo ganyen da ya kwana uku a rana, me kika sani?"

"Mama, gidan nan fa ba gona ba ne."

"Ba kuma kantin magani ba ne, da za ki kulle komai a kabad."

Wata safiya Inna ta tashi da mura, hanci a toshe. Ta tarar da robar cike da ruwa fari-fari kamar kullum, ta bi bokitan ta shayar da su tas. Ashe surukar ce ta jiƙa farar rigar aikinta a ciki da sabulu da bilic mai cire tabo, ta cire rigar ta bar ruwan. Kafin la'asar ganye ya kwanta, kwana biyu ya ƙone ƙurmus. Surukar ta ce wallahi mantuwa ce. Inna ta ce ƙarya take, ta faɗa mata ido da ido, har maƙwabta suka ji.

Ga ɗanta dai ba ta kai ƙara ba. Don me? Harshensa zai kai. Yaron da ya tashi da ganyen hannunta, loma ɗaya zai yi ya ture kwano ya tambaya.

Mako ɗaya. Mako uku. Yana ci yana danna waya, har ƙari yake nema. Ranar da ta kasa daurewa ta ce, "Kai, ba ka ji miyar nan ta canja ba?"

Ya ɗago. "Ta canja? Da me?"

"Ganyena. Na bokitan ƙofar kicin."

"Au, dama ci ake yi? Ni na ɗauka ado ne kike ɗebe kewa da shi, Inna."

Ya koma kan wayarsa. Ko surukar ba ta yi dariya ba, sunkuyar da kai ta yi.

Washegari Inna ta zazzage ƙasar, ta wanke bokitan, ta cusa su ɗaya cikin ɗaya ta tura ƙarƙashin gado. Tun daga ranar surukar ta daina kulle kicin, har takan bar koriyar robar a bakin ƙofa cike da ruwan shinkafa. Inna takan bi ta gefenta ta wuce ɗaki.