Ranar da Na Goge Wasan Nafisa

Ni ba na son dogon zance, don haka bari in faɗa tun yanzu: ni na goge wasan Nafisa. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma da gangan na yi.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Bagwai, irin wanda in ka fito zaure, taku goma ka shiga gonar wani. Kakarmu ta wajen uba Iya muke ce mata. In an yi magariba an ci tuwo, sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura kara cikin ragowar garwashi, mu yaran gidan mu kewaye ta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce ta zauna. Kuma ba ta ƙarasawa a zama ɗaya. Da an kira isha'i sai ta datse, ko da kura ta riga ta buɗe baki, ta tambayi wa zai riƙe mata. Washegari duk wanda ya faɗi daidai inda aka tsaya, shi ke cin ƙanzon tukunya, shi ke jingina da ƙafarta.

Ni ce kullum. Ba na mantuwa, ba na gyangyaɗi. Ƙanzon nan da ƙafar nan nawa ne, kowa ya sani.

Sai hutun damina ya kawo mana Nafisa, 'yar ƙanin Baba da ke gyaran waya a Ungogo. Sa'ata ce. Ta zo da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, a ciki akwai wasan da ya girme mu duka. Ta ce asalinsa na wata na'ura ce da aka daina yi tun babanta yana makaranta, amma ya sa wa wayar wata manhaja, emuleta, da ke sa ta yi kamar ita ce waccan na'urar. A shagonsa ma a kwamfuta take yi, in za ta tafi gida ta kwafe inda ta tsaya a katin memori ta ci gaba a waya. A wasan, wani ɗan mutum ne mai takobi, jikinsa 'yan ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin hula, yana ratsa daji da kogo yana neman mabuɗai.

Na ɗauka Iya za ta kore ta da abinta. Sai ga tsohuwa ta matso da kai tana tambaya ɗan wa ne wannan, me ya raba shi da gida. Nafisa ta ce ba ta sani ba, Turancin ya yi mata yawa. Iya ta ce to ita ta sani. Nan take ta raɗa masa suna Ɗan Tanko, ta ba shi uwa da gona da akuyar da aka sace masa. Daga ranar tatsuniya ta koma bin wayar: Nafisa na dannawa, Iya na ba da labari. In an kira isha'i ba a tambayar wa zai riƙe. Nafisa ta danna wani wuri ta ce ta ajiye, washegari ta buɗe, ga Ɗan Tanko tsaye inda aka bar shi. Kuma dole ta jingina da ƙafar Iya, don Iya ta ga gilashin da kyau. Ƙanzo kuwa, wai ai baƙuwa ce.

Kwana tara ina kallo daga bayan murhu, hayaƙi na shiga idona. Har babban yatsan Iya na gani a kan wayar, Nafisa na riƙe da hannunta, suna dariya ɗan mutumin ya faɗa ruwa.

Rana ta goma Iya da kanta ta aike ni in karɓo wayar daga shagon caji. Ni, 'yar aiken wayar Nafisa. A hanyar dawowa na shiga tsakanin gero, na buɗe. Na daɗe ina lura da yatsunta. Na danne wurin ajiyar na zaɓi gogewa, ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Wannan kam na iya karantawa.

Da yamma Nafisa ta buɗe ta ga Ɗan Tanko ya koma ƙofar gida, ba takobi, ba mabuɗi ko ɗaya. Ta yi kuka. Aka ɗora wa mai caji laifi, ni ma na taya. Iya ta sa aka kife wayar, ta ce yau baƙuwar daban ce.

Wai wasu 'yan mata biyu ne a shekarar fari aka tura su nemo inda ruwan sama yake kwana. Hanya duk gamba ce ta fi kansu. Ɗaya in ta yi tafiya sai ta ƙulle kan gamba don ta gane wurin gobe, mutanen gari suna ta yabon dabararta. Ɗayar kuwa da ka take riƙe hanya, kuma tun da aka fara ƙulli ba wanda ya ƙara tambayarta. Sai wata safiya ta riga kowa fita, ta bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya tana kwancewa. Da ta kwance na ƙarshe ta juyo, gamba duk ta zama iri ɗaya. Garin kallon hannunta ba ta kalli hanya ba. Ga ta tsaye a tsakiyar daji, hadari ya haɗo, ta ji ana kiran sunanta daga nesa.

Aka kira isha'i. Iya ta dube ni, ni kaɗai.

"Saude, riƙe mini wannan."

Na ji kamar ta mare ni a gaban kowa. Washegari ta zauna ta tambayi ina muka tsaya. Na sani sarai. Nafisa ba ta sani ba, ita ba ta iya sauraro. Na haɗe rai na kalli garwashi. Iya ta jira, ta sake tambaya, ta ƙara jira. Daga nan ta ce, "To, ta kwana a dajin." Ta miƙa hannu aka ba ta wayar.

Abin haushin, gogewar tawa su ta yi wa amfani. Suka fara daga farko, Iya yanzu ta san hanya, tana faɗa wa Nafisa ta bi hagu, akwai maciji a rijiyar can. Sauran hutun duka nasu ya zama. Bayan tafiyar Nafisa an koma tatsuniya, na koma cin ƙanzo, amma waccan Iya ba ta sake ɗauko ta ba, ni ma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Ina aji biyu a babbar sakandare ta rasu.

Yanzu ina buga takardu a wani shago a Bagwai. Na nemo wasan, na sa emuleta a wayata, na sa a kwamfutar shago don lokacin da ba kowa, har a talabijin ɗin yayana na haɗa shi. Waya uku na canza, Ɗan Tanko na bi na daga wannan zuwa waccan, kuma ajiyata wuri uku take kwana. Na kai ƙarshe. Ba akuya, ba uwa, rubutu ne kawai yake hawa sama.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar gamba a matsayin zagi. Sai da na girma na lura da inda aka datse ta: ana kiran yarinyar. Iya wurina ta miƙo mini a gaban kowa, ba ta tona ni ba, abin da ya rage kawai in amsa. Ni kuma na tsaya lissafin wa ya jingina da ƙafar wa.

Bara a wani suna na ja Nafisa gefe na faɗa mata ni na goge. Na shirya wa faɗa. Sai ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Haba Saude, ai tun ranar na sani. Iya ta ce in rufe bakina, za ki faɗa da kanki in kin huce. Ashe shekara goma sha biyu kike hucewa."

Na tambaye ta ko Iya ta taɓa gaya mata ƙarshen tatsuniyar. Ta ce wace tatsuniya.

Na dawo gida da haushi sabo fil: har sirrina ma su biyu suka riƙe, ban da ni. Amma waccan tatsuniyar tawa ce, ni aka ba. Iya, a tsakiyar daji muka tsaya, hadari ya haɗo, ana kiran sunanta.