Warin Fetur a Rijiyar Mahaifina

Rijiyar da ke ƙofar gidanmu, a bakin hanyar Mai'adua, mahaifina ne ya haƙa ta, ya bar wa unguwa sadaka. Da zai rasu bai yi mini maganar gona ba. Cewa ya yi kada in taɓa hana mutane ruwan.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a wani Alhaji ya gina gidan mai a bayan katangarmu. Muna kallo aka binne tankunan, kowanne ya kai girman ɗaki. Bayan 'yan damunai, wata safiya mai ɗakina ta miƙo mini buta.

"Malam, shinshina. Ko hancina ne?"

"Kananzir dai ya taɓa butar."

"Kananzir? Yaushe rabon da ka sayo mana?"

Liman ya shinshina, ya ce ruwan da warinsa ya sauya ba a alwala da shi. Sai muka yi abin da muka gada: muka kira mai yasa, kamar dai akuya ce ta faɗa. Aka kwashe ruwa, aka kwashe laka. Mutumin ya fito yana jiri, idanunsa jajur. Ya ce babu mushe a ciki, abin daga bango yake tsattsafowa. Duk da haka muka sake yasa, muka kuma sakewa.

Alhaji ya rantse tankinsa sabo ne fil. Na kai ƙara, alƙali ya saurare ni da kyau, ya ce wannan na ma'aikatan muhalli ne. Na yi ta zirga-zirga zuwa Katsina har direbobin tasha suka san ni. Ranar da ma'aikatan suka zo, suka ɗebi ruwan a kwalba, suka ɗaure famfunan gidan man, suka yi rubutu da jan fenti a bango. Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na tsaya na haɗa baƙaƙen a hankali: AN RUFE. Na ɗauka wahala ta ƙare.

Da aka tono tankin, tsatsa ta cinye gindinsa. Tsoho ne aka yi wa fenti. Aka sa wani, aka buɗe gidan man, motoci suka dawo layi.

Na tari babban ma'aikacin kafin ya shiga mota.

"Ranka ya daɗe, rijiyar fa?"

"Malam, ƙasa ta riga ta sha. Ka rufe ta kafin wani ya cutu."

Na daɗe ban rufe ba. Mata suna ɗiba don wanki, ina hana su sha, ban san abin da ake yi in ba na nan ba. Ranar da na ga wata tsohuwa ta kafa kai a guga, na sayo siminti.

Na bar 'yar kafa a murfin, daidai gwangwanin madara. Duk bayan damina nakan zura shi da igiya, in jawo, in shinshina. Mai ɗakina ta daina tambayata.