Rigata a Bayan Furannin Habu

Shekara tara ke nan da Habu ya rasu a Gumel, bayan gajeriyar jinya. Taubashina ne, ɗan kawuna, malamin makaranta. Allah Ya jiƙansa.

Ni direban babbar mota ne a da. Na yi hatsari a hanyar Maigatari, aka yanke min ƙafar hagu. Na shige ɗaki na ƙi fita. Ba na son a gan ni da sanda, ba na son jin sannu. Masu dubiya suka gaji, suka daina zuwa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Habu yana da wani hali da ake yi wa dariya. Ya dasa wardi a bayan gidansa, a ƙasar da gero ma sai da addu'a, yana shayar da shi da ruwan alwalar da yake tarawa. In ya yi fure sai ya ɗauki hotonsa, wani a jikin itacen, wani ya yanko ya tsoma a kwalba.

Wata safiya ya ɗaga labulena.

"Tashi, bawana. Iska na kaɗa min fure, hoto ya ƙi fita. Ina neman mai tare ta, kai kuma ba inda za ka gudu."

Na ce, "Ba ka da kunya, Habu."

"A gidanku na baro ta. Sa babbar riga."

Da wani ne, da mun rabu ke nan. Amma ba a fushi da taubashi. Ya goya ni a babur. Na jingina da katanga, na buɗe hannun riga a bayan furen. Iska ta tsaya, shuɗin rigar ya fito da jan wardin. Kashegari ya dawo. Haka muka yi ta yi, har na saba da idon mutane. Sai bayan rasuwarsa matarsa ta gaya min akwai zanar da yake tare iska da ita tun da, ya naɗe ya ɓoye ranar da ya fara ɗauko ni.

Yau kowa da wayarsa, ana hoto da furen roba a wajen biki. Na san abin da Habu zai ce: furen da ba ya bushewa, me ye na gaggawar ɗaukarsa?

Wardin ya mutu, ba mai ba shi ruwa. Hotunan sun koɗe. Abin da ya rage na aikin Habu ni ne, kuma na gode. Ina tashar Gumel yanzu, ina yi wa motocin Maigatari lodi, a tsaye, kowa yana ganina.